Kuɗin Ganin Gauraka

Laraba: Zinder zuwa Maigatari

Mun tashi ana kiran assalatu. Na fito daga unguwar Kara-Kara da ƙafa, na iske Mushe Laminu zaune a zaurensa na unguwar Birni, ya riga ya sa hula, jaka a cinya. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, ya ba saba'in baya. Idonsa na hagu ya mutu tun bara. Na dama likita ya ce hawan jinin ido ne, ana ɗiga magani, amma da wuya ya kai damina. Abin da ke kusa kawai yake gani, shi ma kamar mai leƙe ta bakin tulu.

Ƴarsa Hajiya Falmata ce ta neme ni tun farkon mako. Ni direba ne. Na yi shekaru a hanyar Agadas zuwa Dirku, yanzu ina jan yas, ƙaramar bas ta haya, tsakanin Zinder, wato Damagaram, da Mirriya. Ta ce, "Mutari, ba mota za ka ja ba, mutum za ka riƙe. Ka kai mini Baba Najeriya ka dawo da shi da rai."

"Asibiti?"

"Tsuntsu zai gani."

Ta nuna mini bangon zaure. Akwai zanen tsuntsu da gawayi da alli, dogon wuya, dogayen ƙafafu, tuntu a ka kamar tsintsiya, kumatu fari fat. Gauraka ke nan. Mushe ya tashi a Mirriya lokacin da gauraki ke sauka a tafkin bayan gari, kukansu ke tada mutane da asuba. Sun ɓace tun yana saurayi. Shekara talatin yana zana wa yara shi a allo, ba yaro ɗaya da ya taɓa ganin mai rai. Wani tsohon ɗalibinsa mai aikin gandun daji ya gaya masa cewa a fadamar Nguru akwai ragowa, kuma akwai mutum guda da ke kai Turawa kallon tsuntsaye. Mushe ya ce zai gan shi a daji sau ɗaya kafin idon ya rufe.

Na ga mutanen da suka sayar da gona don su je su mutu a teku. Wannan tsuntsu kawai yake so. Na ce to. Ta ba ni jika tamanin, wato sefa dubu tamanin, a ƙulle cikin leda, na sa a aljihun ciki.

Yas ɗin Magarya ta cika ƙarfe shida da rabi, jika biyu kowa. Na sa Mushe gaba, na zauna bayansa. A shingen fita gari wani jandarma ya karɓi kart ɗinmu, katin shaida, ya duba, ya sake dubawa.

"Mushe! Ba ka gane ni ba? Ni ne ka doka saboda bakwai sau takwas."

"Nawa ne?"

Jandarma ya shiga ƙirga da yatsu, mota duka ta fashe da dariya. Ya mayar mana da kart, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Dogo direba ya tsaya ɗaukar buhuna, na sayo ƙosai da kunu. Mushe ya ci biyu ya ce ya isa. Magarya ƙarfe tara. Muka jira motar Dungas har kusan sha ɗaya, wata tsohuwar Fijo da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Daga Dungas kabu-kabu biyu muka ɗauka zuwa iyaka. Na ce wa mai ɗauke da Mushe idan ya wuce ni zan karya masa hannu. Bai wuce ni ba.

Duwan ɗinmu, wato kwastan, ba su tsayar da mu ba. A ɓangaren Najeriya wani jami'i Bakano ya buɗe jakar Mushe, ya ciro jumel, tabaran nan mai jawo nesa.

"Damagarawa! Me kuka zo ɗauka kuma?"

Mushe ya ce, "Wannan karon ba doki ba bindiga, ɗana. Tsuntsu muka zo kallo."

"Tsuntsu? Naku sun ƙare?"

"Sun ƙare."

Jami'in ya daina dariya. Ya mayar da jumel cikin jaka da kansa, ya ja zif.

Muka kwana Maigatari gidan Alhaji Ari, dillalin shanu ɗan Damagaram. Gobe kasuwa, garin cike da kukan shanu da manyan motoci. Ya ba mu tuwon dawa da miyar kuka, ya canza mana sefa da naira, bai ci ko sisi ba. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce, "Malam, da ka faɗa mini ai da na sa an kamo maka."

Alhamis: Nguru

Motar Gumel da sassafe, daga nan wata zuwa Malam Madori, daga nan wata ta bi ta Birniwa. Hanya tana bin layin dogo. Mun shiga Nguru bayan azahar. Gari ne mai warin kifi, ko'ina kwandunan banda. Muka kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha, naira dubu takwas, gado ɗaya da tabarma.

Mai kai Turawa ba wuyar nema. Kowa ya san shi, Ɗanjuma sunansa. Muka same shi a wata rumfa bayan kasuwar kifi yana ɗinkin takalmin roba. Siriri ne, zai yi hamsin da wani abu, da riga mai aljihuna da yawa irin ta Turawa, ta koɗe. Muka gaisa. Ni na yi magana, don kuɗi a hannuna suke.

"Nawa kake kai mutum?"

"Dubu hamsin a wuni, har kwalekwale. Kwana biyu ko uku ake yi. Kuma ba na yin alkawari."

"Tsuntsun naka ne?"

"Na Allah ne."

"To kuɗin mene ne?"

Ya dube ni daga rawani zuwa takalmi, ya tsaya a kan tabon da ke wuyana.

"Daga ina?"

"Nijar."

"Wane tsuntsu?"

"Gauraka."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ya koma kan ɗinkinsa. "To dubu ɗari."

Na yi ciniki da Tubawa a Dirku, na yi da Larabawa a Gatrun. Ban taɓa ganin inda kuɗi ke hawa kana tsaye ba. Na ce masa mu ba Nasara ba ne, kuma ɓarayin da na sani suna jiran dare. Na kama hannun Mushe muka fita.

Wani ɗan kamasho ya biyo mu tun daga rumfar. Ya ce, "Yallaɓai, rabu da shi, Turawa sun lalata shi. Dubu goma, yanzu-yanzu, gauraka uku, ka taɓa su da hannu in kana so."

Mushe ya ce, "Mutari, anya?"

Na ce, "Amanar Hajiya ce a aljihuna. Mu je."

Adaidaita ta kai mu wani gida mai doguwar katanga a bakin gari. Maigadi ya karɓi dubu biyu nasa daban, ya buɗe ƙaramar ƙofa. Ga su nan kuwa, uku, a tsakar gida mai siminti, tsakanin janareto da wata mota da aka lulluɓe. Ɗaya na ɗingishi. An ajiye musu dawa a tsohon kwano.

Mushe ya tsaya a bakin ƙofa. Daga nan ba abin da zai gani sai inuwa.

"Me ya sa ba sa kuka?"

Maigadi ya ce, "Ai sun saba."

"Suna tashi?"

"Ina! An karya fiffiken tun suna ƙanana. Na mai gida ne, ba na sayarwa ba. Amma in kan tsuntsun kuke so na magani, akwai busasshe, sai mu yi magana."

Na ce, "Mushe, matsa. Taku goma ne. Ga abin da ka zo nema."

Ya juya fuskarsa ga katanga. "Idon da ya rage mini kaɗan ne, Mutari. Ba zan kashe shi a kan wannan ba."

Ɗan kamasho ya ce shi dai ya cika alkawari. Gaskiya ne, ya cika. Na ba shi kuɗinsa.

A masauki bayan magariba na sayo shinkafa da kifi, Mushe bai taɓa ba. Ya ɗiga maganinsa ya kwanta yana fuskantar bango. Na zauna a tabarma. A sahara idan ka ɗauki jagora mai arha, rijiyar da zai kai ka busasshiya ce. Na san motocin da suka yi haka, na wuce su a hanya, yashi ya kai musu gilashi. Ni kaina da nake jagora ban taɓa rage wa kowa ko dala ba. Na ɗauka don tsuntsu ne abin ya bambanta.

Juma'a: ƙauyen da ba zan faɗa ba

Da safe muka koma rumfar. Na ce, "Na dawo." Iyakar haƙurin da na iya bayarwa ke nan.

Ɗanjuma ya ce, "An kai ku gidan katanga."

"An kai mu."

"Kun saya?"

Mushe ne ya amsa. Ya cire tabarau, ya matso da fuskarsa. "Duba nan, Malam Ɗanjuma. Wannan ya tafi. Wannan yana kan hanya. Me zan yi da kan gauraka?"

Ɗanjuma ya ajiye takalmin. Ya ɗaga yatsu daga inda yake zaune ya ce nawa ne. Mushe ya ce bai ga hannun ba ma. Ya gaya masa labarin tafkin Mirriya da zanen allo, a gajarce.

Ɗanjuma ya ce, "Malam, ka gafarce ni. Shekarun da na yi a aikin nan, Bature ke cewa yana son gani. Namu in ya ce gauraka, kai yake so, ko ɗan tsako na gidan Alhaji. Shi ya sa nake sa kuɗin da zai kore shi. Ga abokin tafiyarka kuma, fuskarsa ba ta kallon tsuntsu ba ce."

Na ce, "Da ita aka haife ni. Yanzu nawa?"

"Hamsin."

"Ba ragi?"

"Zauna in gaya maka inda suke zuwa."

Ya lissafa da yatsu. Mai kwalekwale, wanda zai bar kamun kifi na wuni. Babura biyu. Gaisuwar mai gari. Wani manomin shinkafa da gaurakin ke sauka a gonarsa suna ci masa, ana ba shi wani abu don kada ya ɗana tarko. Wani Bafulatani da ke kawar da shanunsa daga wurin, shi ne kuma ke aiko da labarin inda suka kwana. Abin da ya saura shi ne nasa, kuma baƙi wata uku kawai suke zuwa a shekara, wata shekarar ma ba sa zuwa.

"Ranar da na rage, manomi zai ga tarko ya fi ni biya. Biyu ne suka rage a wajen nan, mace da namiji. In ka ga dama ka ce tsada."

Ban ce ba. Na lissafa abin da ke aljihuna, na ware kuɗin mota na komawa. Wuni ɗaya kawai za mu iya. Na gaya masa.

"Safiya ɗaya ke nan. Wani Bature ya yi huɗu bai gani ba."

Mushe ya ce, "Mu je."

Bayan sallar Juma'a muka hau babura. Awa ɗaya da rabi cikin yashi da gonaki, sau biyu muka sauka muka tura. Daga nan kwalekwale, ta wata siririyar hanya tsakanin ciyawar kacala da ta fi mutum tsawo. Ƙauyen yana kan tudu, ruwa ta ko'ina. Garin su Ɗanjuma ne. Ya roƙe ni kada in faɗi sunansa ga kowa, ba zan faɗa ba. Muka gaida mai gari, aka sauke mu a zauren yayan Ɗanjuma, ba a karɓi ko kwabo ba. Aka kawo dambun shinkafa da kifi, ban ci irinsa ba.

Da la'asar Ɗanjuma ya ce a gwada ido. Muka fita bakin ruwa. Can gaba akwai dinya, agwagin daji, kusan ashirin, manya, kowace ta kai tunkiya ƙarama. Mushe ya sa jumel. Ya juya, ya juya, ya goge gilashi da bakin riga, ya sake sawa.

"Me ka gani, Malam?"

"Hayaƙi."

Ɗanjuma ya matsar da shi gaba, dinya suka tashi. Ya ce gauraka ya fi su tsoro. Mutum a tsaye ba ya kusantarsa fiye da tsawon filin ƙwallo. Turawa daga nan suke kafa na'urarsu su kalla su tafi.

Mushe ya miƙo mini jumel. "Riƙe, Mutari. Ta zama taka." Ya juya zai koma gida, ya nufi ruwa, na kamo shi.

Ɗanjuma ya bar mu a zaure ya shiga cikin gida. Ya jima. Ya fito da wani tsohon buhu, ya zazzage. Kan burtu ne guda biyu, irin na maharba: ƙoƙon kan tsuntsun da bakinsa, an kafa a lanƙwasasshen itace, an naɗe da fata, da igiyar ɗaurawa a goshi. Da baƙaƙen tsummoki biyu. Maharbi kan ɗaura shi ya lulluɓe jiki ya yi rarrafe yana sarar ƙasa, namun daji su ɗauka burtu ne ke kiwo, har ya kai inda kibiya za ta kai.

"Wannan nawa ne, wannan na mahaifina. Da su aka ciyar da mu. Tun da na bar harbi ban taɓa su ba. Malam, kana iya rarrafe?"

Na ce, "Ba zai yi ba. Da rai aka ce in mayar da shi."

Mushe ya ce, "Ɗaura mini."

A tsakar gida aka yi koyo har magariba. Mutumin da sufetocin lakwal ke miƙe wa tsaye, ga shi a gwiwa da hannu, da baƙin tsumma a baya. Mata na bayan zana suna ƙyalƙyala.

"Malam, burtu ba ya tafiya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Taku uku, ka sari ƙasa. Ka ɗaga kai, ka duba hagu. A'a, a hankali, wannan ai kaza ce!"

"Shekara talatin ina cewa yara su zauna daidai," in ji Mushe, "yau ga sakayya."

Asabar: gonar shinkafa

Muka yi sallar asuba muka shiga kwalekwale, mu huɗu da mai tuƙi. Sanyin ruwa ya fi na saharar Tenere shiga ƙashi. Na lulluɓa wa Mushe bargona. Bafulatanin ya aiko cewa jiya sun kwana gabas da gonar, amma ba tabbas su sauka a cikinta.

Mai kwalekwale ya cusa mu cikin kacala ya kafa gora. Gabanmu gonar ce, an girbe, sai kututture da laka. Gari ya fara wayewa. Kirinjijiya suka wuce a sama suna fito, ɗaruruwa. Zalɓe ya sauka. Balbela suka zo. Rana ta fito, ta hau kamu ɗaya, ta hau biyu. Ba gauraka. Na san in rana ta yi ƙarfi idon Mushe ruwa yake yi, ko hannunsa ba ya gani. Na fara tunanin abin da zan gaya wa Hajiya.

Sai wani kuka daga gabas, mai kauri, kamar ana busa ƙaho a cikin rijiya. Wani ya amsa. Mushe ya damƙi hannuna har ya yi mini zafi.

"Su ne. Mutari, su ne."

Suka sauka can ƙarshen gonar. Ɗanjuma ya ɗaura wa Mushe burtun mahaifinsa, ya ɗaura nasa. Ya ƙulla igiya daga idon sawunsa zuwa wuyan hannun Mushe, don ya san inda zai bi. Ya ce mini, "Kai ka zauna. Ko me ka gani, ka zauna." Suka zame cikin laka.

Na sa jumel. Ban taɓa leƙawa ta cikinta ba sai ranar. Na ga baƙaƙen tsuntsaye biyu manya suna kiwo, ɗaya gaba ɗaya baya. Wallahi da ban sani ba da na rantse burtu ne. Taku uku, sara. Taku uku, sara. Gaurakin suka ɗaga kai, suka duba, suka ci gaba da ci.

Sun kai rabin gonar sai na baya ya tsaya. Ya karkata, ya kwanta a gefe ɗaya cikin laka. Bai motsa ba. Na ajiye jumel na sa ƙafa ɗaya a ruwa. Mai kwalekwale ya riƙe mini riga.

"Ka tashi ka kashe masa komai."

"In ya mutu fa?"

"Ɗanjuma na ji a igiya. Zauna."

Na binne mutane da hannuna a yashi, ban ji tsoro ba. Ranar na ji. Na sake ɗaukar jumel. Na gaba ya ci gaba da sarar ƙasa a wuri ɗaya, kamar ba abin da ya faru. Can na ga baƙin tsumman baya ya motsa. Ya tashi kan gwiwa. Kan burtun ya karkace, ya gyara shi da kafaɗa. Ya sari ƙasa.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Suka matsa, suka matsa, har tsakaninsu da gaurakin bai fi tsawon yas ɗaya ba. Ɗanjuma ya kauce gefe ya bar Mushe gaba. Rana na bayansu, tana dukan tsuntsayen. Tuntun nan ya kama haske kamar an kunna shi. Babban ya taka ya matso da kansa, yana leƙen wannan burtu da ya daina kiwo. Don Mushe ya daina. Ya manta da sara, ya manta da komai. Ya karkata kai yadda yake yi in zai karanta kwalbar magani, ya tsaya haka.

Suka kalli juna. Sannan tsuntsun ya yi kuka ɗaya, suka yi gudu kaɗan, suka tashi, suka bi ta kan Mushe ƙasa-ƙasa har tsummansa ya kaɗa.

Na isa wurin da gudu, laka har gwiwa. Yana zaune, burtu a goshi, gwiwoyinsa duka biyu na jini, yana haki.

"Ka gani?"

Sai da numfashi ya dawo sannan ya ce:

"Akwai ja a kumatun, Mutari. Fari a sama, ja a ƙasa. Na manta da jan nan. Shekara talatin ina ba yara fari zalla."

Na goya shi zuwa kwalekwale. Ba nauyi.

A zaure na ƙirga wa Ɗanjuma dubu hamsin, ban nemi ragi ba. A gabana ya raba: na mai kwalekwale, na mai gari, na manomi, na Bafulatani a ƙulle a leda, na babura. Abin da ya sa a aljihunsa bai kai abin da na ba ɗan kamasho da maigadi ba. Na ƙara masa dubu uku daga nawa, na ce na goro. Ya karɓa. Ya ce, "Fuskar dai har yanzu ba ta yi mini ba." Matar yayansa ta wanke wa Mushe gwiwa da ruwan zafi da gishiri. Da yamma muka koma Nguru, muka kwana a rumfar Ɗanjuma don kuɗin masauki ya ƙare.

Lahadi: gida

Motar farko ta bar Nguru ƙarfe shida. Malam Madori, Gumel, Maigatari da azahar. Bakanon nan na bakin aiki.

"Damagarawa, an samu?"

Mushe ya ce, "An samu. Mun bar muku shi, ku riƙe da kyau."

Kabu-kabu zuwa Dungas, Fijon nan dai mai igiya zuwa Magarya, yas ta ƙarshe zuwa Zinder. A Dogo na sayi rogo da ƙuli da canjin da ya rage. Mushe ya yi barci a kafaɗata tun daga nan. Muka shiga Birni ana kiran isha'i.

Hajiya Falmata ta ga yadda yake taka ƙafa, ta ɗaga wandon ta ga gwiwa.

"Mutari! Amana na ba ka!"

"Da rai kika ce. Ga shi."

Na ba ta lissafi da baki, har dubu goma sha biyun da na zubar a gidan katanga. Da ta ji kuɗin jagora ta ce, "Dubu hamsin, safiya ɗaya, don tsuntsu?"

Na ce, "Da arha."

Mushe bai zauna ba. Ya ce a nemo masa jan alli. Aka shiga maƙwabta aka samo guntu. Ya ce in riƙe masa fitila. Ya lalubi bangon zaure har ya sami kan zanen, ya matsa har hancinsa na taɓa ƙasar bango, ya shafa ja a ƙasan kumatun, a hankali, bai fita layi ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji Ari da tuwonsa, da mutanen ƙauyen nan da suka sauke mu ba su san mu ba, da mai kwalekwale da ya riƙe mini riga. Ɗanjuma kuwa, duk mai zuwa wurinsa ya riƙe kuɗinsa cif, kada ya yi ciniki.

Idon ya rufe kafin shamuwa ta zo. Ina biyawa ta Birni ran Juma'a in na sauke fasinja. Yana nan a zaure. Duk baƙon da ya shigo, kafin a gama gaisuwa sai ya ce masa, "Duba bango. Akwai ja a kumatun?" In an ce akwai, sai ya gyara zama ya ce, "To haka yake."